Asalin Tutar Nijeriya da Tutocin Sarakuna

Kowace safiya a makarantun Zuru yara kan yi layi gaban dogon ƙarfe, a ɗaga tuta mai kore da fari da kore, a rera taken ƙasa. Da yawansu tsammani suke tun fil azal haka take, alhali kuwa kakannin wasunsu sun girme ta.

A zamanin da, tuta a ƙasar Hausa ta mutum ce, daga hannu zuwa hannu ake ba da ita. Bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, sai malamai suka riƙa zuwa daga nesa suna yi masa mubaya'a. Wanda ya amince da shi, sai ya sa masa albarka, ya miƙa masa tuta, ya koma ƙasarsu ya ja jama'a. Haka Yakubu ya kai tasa Bauchi, Buba Yero ya kai Gombe, Malam Musa Zazzau, Ummarun Dallaje Katsina, Modibbo Adama kuwa Fombina. Ƙyallen kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, hannun da ya bayar shi ne darajarsa. A fagen fama, in tuta na tsaye runduna na nan, in ta faɗi kowa ya yi ta kansa. Shi ya sa ran 15 ga Maris 1903, da Turawa suka auka wa Sakkwato, wasu mazaje suka tsaya gindin tutar Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya, suka ƙi gudu har harsashi ya gama da su.

Zuru ba ta cikin masarautun da aka kafa da tutar Shehu. Mutanenta Dakarkari na kan duwatsunsu, suna noma, suna kare kansu daga harin Kwantagora, har Bature ya iso da tasa.

Da Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa a 1914, aka yi wa Nijeriya shuɗiyar tuta. A kusurwarta akwai ta Ingila, gefe guda kuma jan da'ira mai koren tauraro, tsininsa shida, da kambin Sarkin Ingila a tsakiya. Duk dattijon da ya taɓa riƙe anini ko kwabo mai huji ya san tauraron nan, don yana jikinsu.

Da mulkin kai ya matso, a 1959 aka sa gasa. Wani ɗalibi Bayarabe da ke karatu a Landan, Michael Taiwo Akinkunmi, ya ga sanarwar a jarida, ya aika da nasa zanen. Nasa aka zaɓa, amma sai da alƙalai suka cire wata jar rana da ya sa cikin farin. Kore shi ne albarkar ƙasa da noma, fari kuwa zaman lafiya. Aka ɗaga ta a Ikko daren 1 ga Oktoba 1960, aka sauke ta Ingila.

A ganina sun kyauta da suka bar ta fayau, ba rubutu, ba kambi, ba alamar wani addini. A Zuru gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista da mai al'adar gargajiya, kuma 'ya'yansu sun cika aikin soja. Duk tuta ɗaya suke sara wa. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II ma sai da ya kai Manjo Janar kafin ya hau gadon sarauta. Sarakunan yanzu kuwa ba tuta ake ba su ba, sanda gwamna ke miƙa musu ranar naɗi.

Akinkunmi fam 100 aka ba shi lada. Ya koma Ibadan ya ci gaba da aikin gwamnati, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a watan Agustan 2023.