Tazarce: Shekara Uku Tanja Ya Nema, Kwana 58 Ya Samu

Ranar Talata, 4 ga Agustan 2009, damina ta yi tsaka, gero ya fara rufe ƙasa a gonakin Maraɗi da Damagaram, aka kira 'yan Nijar rumfunan zaɓe. Babu ɗan takara a wannan karon, babu jam'iyya. Amsa ɗaya ake nema, eh ko a'a. In jama'a suka ce eh, za a jingine kundin tsarin mulkin 1999, Shugaba Tanja Mamadu ya ƙara shekara uku a kan goman da doka ta ba shi ba tare da ya fuskanci abokin takara ba, bayan nan kuma ya tsaya zaɓe duk sau nawa ya ga dama. Gwamnati tana kiran abin sake gina jamhuriya. A kasuwa da tasha da gidajen rediyo kuwa suna ɗaya aka san shi da shi: tazarce.

Kalmar ta riga ta yi suna a Najeriya kafin ta ƙetara iyaka. A 1998 ne magoya bayan Janar Sani Abacha suka cika gari da ita, lokacin da jam'iyyu biyar ɗin da ke akwai duk suka tsayar da shi takara don ya tuɓe kaki ya zarce da farar hula. Har kaftani aka laƙaba wa sunan, teloli na ɗinka shi har yau. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yunin shekarar, maganar ta bi shi. Ta sake tasowa a zamanin Obasanjo, Majalisar Dattawa ta binne ta ranar 16 ga Mayun 2006. Saboda haka sa'ad da aka fara jin kalmar a Nijar, babu wanda ya nemi a fassara masa ita, kuma kowa ya san yadda ta ƙare sau biyu a maƙwabta.

Waɗanda suka rubuta kundin 1999 mutane ne da suka ga jiya. Sun ga yadda rigimar Shugaba Mahamman Usman da firaministansa Hama Amadu ta tsayar da gwamnati cik, har Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da ita ranar 27 ga Janairun 1996. Sun ga yadda Ba'aren ya mayar da kansa zaɓaɓɓen shugaba, sun kuma ga yadda masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Don haka a kundin da jama'a suka amince da shi ranar 18 ga Yulin wannan shekara, ƙarƙashin riƙon Dauda Malam Wanke, aka kulle ƙofa sau biyu. Aya ta 36 ta ce wa'adin shugaba shekara biyar ne, sau ɗaya tak ake sabunta shi. Aya ta 136 ta ce ita aya ta 36 ba ta gyaruwa ta kowace hanya. A kan wannan kundi Tanja ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwa a Disamban 1999, ya sake yi a 2004 bayan ya kayar da Mahamadu Isufu a karo na biyu.

Duk mai son fahimtar tazarce sai ya fara yarda cewa talakawa da yawa sun so Tanja, so na gaskiya. Haifaffen Maine Sorowa ne a jihar Difa, a 1938, tsohon soja da ya kasance cikin waɗanda suka rufa wa Seyni Kunce baya a juyin mulkin 1974. Ya riƙe Maraɗi, ya daɗe a Tawa, ya yi ministan cikin gida, ya yi jakada a Najeriya. Ya san karkara, karkara ta san shi. Da kuɗin yafiyar bashi ya kafa shirinsa na musamman, aka gina azuzuwa da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rance. Baba Tanja ake ce masa. Ba shi da yawan magana, ba shi da ƙyale-ƙyale. Yana da taurin kai kuma, wanda aka gani a 2005 lokacin da ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar alhali iyaye mata na jerin gwano da yara a cibiyoyin tamowa.

A ƙarshen wa'adinsa na biyu manyan ayyuka suka zo masa a jere. An aza harsashin madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara a Agustan 2008. An aza na matatar man fetur ta Damagaram a Oktoba, da haɗin gwiwar kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Ga gada ta biyu ana ginawa a Yamai, ga mahaƙar yuraniyam ta Imuraren da aka ƙulla da kamfanin Areva na Faransa. A nan masu tazarce suka samo hujjarsu: a bar tsoho ya ƙarasa abin da ya faro. Ranar 21 ga Disamban 2008 suka yi gangami a Yamai suka ambaci shekara uku. A lokacin, mutumin da ake kallo a matsayin magajinsa a jam'iyyar MNSD Nasara, wato Hama Amadu, yana gidan kurkukun Kutukale bisa zargin almundahana, bayan majalisa ta tsige shi daga firaminista a 2007. Fili ya zama na Tanja shi kaɗai.

Shi kansa ya daɗe yana nuna ba ruwansa. Da shugaban Faransa Nicolas Sarkozy ya kai ziyara Yamai a ƙarshen Maris ɗin 2009, Tanja ya nuna a bainar jama'a cewa zai sauka idan lokacinsa ya cika. Ba a yi wata biyu ba, a farkon Mayu, bayan bikin Imuraren, sai ya ce jama'a sun roƙe shi, shi kuma ba zai toshe kunne ba.

Lauyoyin fadar shugaba sun san aya ta 136 ba ta ratsuwa, sai suka zagaya. Suka ce ai ba gyara za a yi ba, sabon kundi ne dungurungum, kuma aya ta 49 ta ba shugaba ikon miƙa wa jama'a tambaya. Wasu 'yan majalisa suka nemi fatawar Kotun Tsarin Mulki, wadda wata alƙaliya, Salifu Fatimata Bazeye, ke shugabanta. Ranar 25 ga Mayu kotun ta ce aya ta 49 ba ta shafi sauya kundi ba, kuma shugaba ba zai yi haka ba sai ya karya rantsuwarsa. Kashegari Tanja ya rusa majalisar dokoki, wadda Mahamman Usman ke jagoranta. Tanja ya sa hannu a takardar kiran zaɓen raba gardamar, kotun ta soke ta ranar 12 ga Yuni, wannan karon da hukuncin da doka ta ce ya hau kan kowa. Ranar 26 ga Yuni ya ɗauki ikon mulki da dokar ta-ɓaci. Ranar 29 ga wata ya rusa kotun kanta, ko da yake kundin ya hana a taɓa alƙalanta kafin wa'adinsu ya ƙare, daga baya ya naɗa wasu. Cikin mako biyar ya kawar da hukumomi biyun da aka kafa musamman don su iya ce wa shugaba a'a. Abin da waɗannan alƙalai bakwai suka yi, a ƙasar da albashi da motar ofis da tsaron gida duk daga gwamnati suke fitowa, ya cancanci a riƙa koya wa ɗaliban shari'a a duk yankin.

A waje kuwa gari ya ɗauki zafi. Jam'iyyar PNDS Tarayya ta Isufu ta haɗa kai da ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago, CDS Rahama ta Mahamman Usman ta janye ministocinta daga gwamnati. Ranar 14 ga Yuni, a wani gangamin adawa a Yamai, Mumuni Adamu Jarmakoy, shugaban ANDP Zaman Lafiya, wanda ya yi soja tare da Tanja tun zamanin Kunce, ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. An kama 'yan jarida da 'yan gwagwarmaya, cikinsu har da Maru Amadu.

Haka aka isa 4 ga Agusta. 'Yan adawa suka ce kowa ya zauna gida. Hukumar zaɓe ta ce kashi 68 cikin ɗari na masu rajista sun fito, kashi 92.5 daga cikinsu sun ce eh. 'Yan adawa suka ce ƙarya ne, rumfuna fayau suka wuni, musamman a Yamai. Ko da alƙaluman gaskiya ne, ba su amsa tambayar da kotu ta yi ba. Iyakar wa'adi an yi ta ne domin shugaban da ake so, don wanda aka gaji da shi akwatin zaɓe ya ishe shi. Kuma zaɓen da mai mulki ya tsara tambayarsa, ya kori alƙalan da suka hana, ya naɗa waɗanda za su tabbatar da sakamako, da wuya a kira shi raba gardama. Ranar 18 ga Agusta aka ƙaddamar da Jamhuriya ta Shida.

Daga nan ƙofofi suka fara rufuwa. Ranar 20 ga Oktoba aka yi zaɓen 'yan majalisa ba 'yan adawa, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda Umaru Musa 'Yar'aduwa ke shugabanta a lokacin, ta dakatar da Nijar. Tarayyar Turai ta tsayar da tallafi, Amurka ma ta bi sahu, ga shi damina ba ta yi kyau ba, yunwa na ƙwanƙwasa ƙofa. Janar Abdussalami Abubakar ya yi ta kai gwauro yana kai mari don sasanta ɓangarorin, tattaunawar ta cije. Wa'adin Tanja na asali ya cika ranar 22 ga Disamba, ya ci gaba da zama. Ranar Alhamis, 18 ga Fabrairun 2010, ana tsakiyar taron ministoci, sojoji suka buɗe wuta a fadar shugaban ƙasa, suka tafi da shi. Salu Jibo ya zama shugaban majalisar mulkin soja. Daga 22 ga Disamba zuwa ranar, kwana 58 ke nan.

Ayyukan da aka ce ba za su ƙarasu ba sai da shi, kowanne ya bi tasa hanyar. An buɗe gadar Yamai a 2011, matatar Damagaram ta fara tace mai a Nuwamban wannan shekara. Kandaji ta yi shekaru tana jan ƙafa saboda kuɗi da 'yan kwangila, Imuraren kuma faɗuwar farashin yuraniyam ta sa aka jingine ta.

Ranar 31 ga Oktoban 2010 'yan Nijar suka sake komawa zaɓen raba gardama, kusan kashi 90 suka amince da kundin Jamhuriya ta Bakwai. Masu rubutun sun tuna da tazarce, suka ƙara sharaɗi a fili cewa ba wanda zai wuce wa'adi biyu, ba kuma wanda zai tsawaita wa'adi bisa kowane dalili. Fatimata Bazeye ta dawo ta jagoranci kotun riƙon ƙwarya. Isufu ya ci zaɓen 2011, ya yi shekara goma, ya miƙa wa Bazum Muhammad ranar 2 ga Afrilun 2021, karo na farko a tarihin ƙasar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe. Shi wannan kundin ma sojoji sun jingine shi ranar 26 ga Yulin 2023.

Tanja bai ga waɗannan biyun na ƙarshe ba. Bayan juyin mulkin an tsare shi kusan shekara guda a wani gida kusa da fada, sannan aka kai shi kurkukun Kollo, kotu ta sake shi a Mayun 2011, magoya baya suka yi dafifi a ƙofar gidansa suna yi masa barka. Ya zauna ba ya yawan shiga siyasa, rashin lafiya na kai shi asibiti a waje lokaci zuwa lokaci. Ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamban 2020 yana da shekara 82. Isufu, wanda ya jagoranci yaƙi da tazarce, shi ya ayyana makokin kwana uku a ƙasa baki ɗaya, aka ɗauki gawar zuwa Maine Sorowa aka yi mata sutura.