Carl Orff da Koyar da Kiɗa ga Yara: Nazari daga Mahangar Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta bi rayuwar Carl Orff (1895–1982), Bajamushe mai tsara kiɗa kuma malamin kiɗa, sannan ta auna hanyarsa ta koyar da yara da abin da ake gani a dandali da majami'un kudancin Jihar Kaduna. Hujjarta ita ce ginshiƙan wannan hanya sun daɗe a hannun al'ummomin yankin, kuma karin sautin harsunansu ya ba su wata dama da Jamusanci bai ba Orff ba.

Rayuwarsa da ayyukansa

An haifi Orff a birnin Munik ranar 10 ga Yuli, 1895, a gidan hafsoshin soja masu sha'awar kiɗa. Duniya ta san shi da Carmina Burana, wanda aka fara gabatarwa a Farankfot ranar 8 ga Yuni, 1937. Ya ɗauko waƙoƙi 24 daga wani kundi na ƙarni na 13 da aka gano a gidan ibadar Benediktbeuern, ya ɗora musu ganguna masu ƙarfi da taron muryoyi da rauji mai maimaita kansa. Der Mond (1939), Die Kluge (1943) da Antigonae (1949) sun biyo baya. Ya rasu ranar 29 ga Maris, 1982, aka binne shi a Andechs.

Akwai tabo a tarihinsa da bai kamata a rufe ba. Lokacin da gwamnatin Hitila ta hana kiɗan Felix Mendelssohn saboda asalinsa na Bayahude, Orff ya karɓi aikin tsara wani kiɗan da zai maye gurbin wanda Mendelssohn ya yi wa wani wasan Shakespeare, aka gabatar da shi a 1939. Malamin da zai ɗauki hanyarsa ya kamata ya san wannan.

Yadda hanyar ta samu

A 1924 Orff da Dorothee Günther suka buɗe makarantar rawa da motsa jiki ta 'yan mata a Munik. A lokacin, wani ne ke zaune gaban fiyano yana kaɗawa, ɗalibai suna taka rawa. Orff ya so mai rawar ta zama ita ce makaɗiyar kanta. Sai aka soma da tafi, da buga ƙafa, da ƙyasta yatsu, da ƙananan ganguna.

Matsalar ita ce abin da zai fitar da rauji ba tare da shekarun koyo ba. Mafita ta zo daga Afirka. An aiko wa Orff da abin kiɗa na faifayen katako da ake jerawa ana bugawa da sanda, ya kai wa wani maƙerin kayan kiɗa, Karl Maendler, wanda ya ƙera masa irinsa bisa akwati mai amsa sauti. Ana iya cire faifayen ɗaya bayan ɗaya, a bar wa yaro biyu ko uku ko biyar kawai, ta yadda duk inda sandarsa ta faɗa sautin zai dace. An rufe makarantar a 1944, bama-bamai suka cinye ginin a 1945. Aikin ya farfaɗo a 1948 ta gidan rediyon Bavariya, wannan karon da yara ƙanana. Daga shirye-shiryen ne aka fitar da Musik für Kinder, juzu'i biyar, tsakanin 1950 da 1954. Sunan Gunild Keetman na kan littattafan tare da nasa, kuma ita ce ta yi yawancin aikin aji da yara, ko da yake sau da yawa ana mantawa da ita. A 1961 aka kafa cibiyar horar da malamai a Salzburg ta ƙasar Ostiriya.

Tsarin darasin a taƙaice shi ne: magana tukuna, sai bugu, sai rauji. Yaro ya faɗi sunansa, a tafa shi, a taka shi, a mayar da shi kan ganga. Malami ya bayar, yara su amsa. Karanta rubutun kiɗa yana zuwa ne daga baya.

Abin da ke kudancin Kaduna

Duk wanda ya tsaya a fadar Kagoro ranar 1 ga Janairu, a bikin Afan, ko a Kwoi lokacin Tuk Ham, zai ga cewa busa ƙaho da kaɗa ganga da waƙa da taka rawa abu guda ne, babu mai raba su. Yarinyar da ke bayan layin mata tana kallon ƙafafun yayyenta tana koyo, ba wanda ya zaunar da ita. Gaɗar 'yan mata a dandali tana da jagora da 'yan amshi, kuma tafi ne gangarta. Wannan shi ne abin da Orff ya sha wahala yana ginawa a ɗakin karatu, domin biranen Jamus na zamaninsa sun riga sun raba mai kiɗa da mai saurare.

Majami'a ta kawo wani salo dabam. Mishan na SIM ya zauna a Kwoi tun 1910, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma a Kagoro aka kafa majami'ar ECWA a 1954, shekarar da juzu'i na ƙarshe na littafin Orff ya fito. Tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wadda ta zama mahaɗa a 1927, ta tara Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Ibo da Yarabawa, Hausa ta zama harshen kasuwa da na sujada. Waƙoƙin mishan da aka fassara sun zo da raujinsu na Turai, aka cusa kalmomin Hausa a ciki. Matan ƙungiyar Zumuntar Mata ta majami'a ne suka dawo da tulu da gora da kuge cikin ibada, da waƙar jagora da amshi, suna koya wa juna da ka. A ra'ayin mai wannan nazari, babu makarantar kiɗa a yankin da ta kai Zumuntar Mata yawan ɗalibai.

Karin sauti: inda yankin ya fi Munik

A nan ne kwatancin ya fi amfani. Jamusanci harshe ne da ake danna wata gaɓa fiye da wata, don haka sunan yaro yana ba Orff bugu kawai. Raujin sai ya ƙaro shi daga waje, inda yakan fara da sautuka biyu na kiran da yara ke yi wa juna. Hausa kuwa, da Tyap da Jju da Hyam, harsuna ne masu karin sauti. Kuka na hawaye sama yake tafiya a gaɓoɓinsa biyu, kuka ta miya kuma ta hau ta sauka. Garin tuwo da garin Zonkwa tsayin wasali ne ya raba su. Ma'ana, kalma ɗaya tana ɗauke da bugu da rauji a lokaci guda, abin da makaɗin kalangu ya dogara da shi har yake kiran mutum da sunansa.

Saboda haka malamar firamare a Kagoro ko Madakiya da ta jera Ladi da Talatu da Asabe, ta sa aji ya tafa sunayensu, ta riga ta sami waƙa kafin ta taɓa wani kayan kiɗa. Idan ta sa kowane yaro ya faɗi karin magana da harshen gidansu, ajin zai ji yadda rauji ke canzawa daga harshe zuwa harshe. Kuskuren da za a guje wa shi ne ɗauko waƙoƙin juzu'an Jamus a liƙa musu Hausa, domin hakan maimaita abin da ya faru da waƙoƙin mishan ne. Orff da kansa ya so kowace ƙasa ta gina a kan waƙoƙinta, kuma Komla Amoaku na Gana ya yi haka a littafin da ya fitar a 1971.

Batun kayan aiki

Faifayen da kamfanin Studio 49 ke ƙerawa a Jamus tun 1949 an daidaita su ne da ma'aunin fiyano, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin makarantar ƙauye. Ba lallai a saye su ba. Berom na Filato, maƙwabtan yankin, suna da kundung, faifayen katako da ƙahonin shanu a ƙarƙashinsu suna amsa sauti. Kafinta a Kafanchan zai iya ƙera ƙarami mai faifai biyar, muddin makaɗin gargajiya ne zai daidaita masa sautin da kunnensa, ba fiyano ba. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda ke yaye malaman firamaren yankin, ita ce wurin da ya dace a fara gwajin: aji ɗaya, zango ɗaya, kafinta da makaɗi da wata jagorar Zumunta suna zaune tare da ɗalibai.