The Ventures: Magina biyu da suka koya wa Japan kaɗa jitar lantarki

Tarihinmu na wannan makon ya ɗan fita daga inda muka saba, domin na wasu makaɗa ne 'yan Amurka da suka shekara fiye da sittin suna kiɗa ba tare da mawaƙi ba. Sunansu The Ventures. Na san da yawa za su ce ba su taɓa jin sunan ba, to amma duk wanda ya kalli fim ɗin 'yan sandan nan na talabijin, Hawaii Five-O, ya san kiɗan da ake buɗe shi da shi, kuma waɗannan mutane ne suka mayar da kiɗan nan faifan da ya zaga duniya a 1969.

Abin ya faro ne a 1958 a jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka. Bob Bogle birkila ne. Ya je neman tsohuwar mota a wajen mahaifin wani saurayi mai suna Don Wilson, a nan suka haɗu, hira ta kai su ga jita, daga baya Wilson ya bi Bogle aikin gini. Suka je shagon jingina a garin Tacoma suka sayi tsofaffin jita biyu, kowace kusan dala 10. Da rana suna ɗaukar bulo da siminti, da dare suna kiɗa a ƙananan wuraren shaƙatawa.

Wadda ta fi ba ni sha'awa a wannan zangon ita ce mahaifiyar Wilson, Josie. Da kamfanin faifai na Dolton ya saurare su ya ce ba ya so, sai ta buɗe nata ɗan ƙaramin kamfani mai suna Blue Horizon don kawai a buga faifan ɗanta. Ita ce ma ta ba su sunan Ventures. Kiɗan da suka buga shi ne "Walk, Don't Run", kuma ba su suka ƙirƙire shi ba. Wani gwanin jita mai suna Johnny Smith ne ya tsara shi a 1954, su kuma a faifan Chet Atkins suka ji shi. Yadda Atkins ke kaɗa shi ya fi ƙarfin yatsunsu, sai suka sauƙaƙa shi, suka ƙara masa sauri da duka. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon KJR na Seattle, Pat O'Day, ya riƙa sa shi daf da labarai, mutane suka yi ta bugo waya suna tambayar su wane ne. Mai kamfanin Dolton da ya kore su ya ji kiɗan a rediyo, ya aika a nemo masu shi. A 1960 faifan ya kai mataki na 2 a jadawalin Billboard, Elvis Presley ne kawai a gabansa, kuma an sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Akwai wani abin tausayi a nan. Mai gangar da ya yi musu kiɗa a wannan faifai, Skip Moore, an ba shi zaɓi: ko ya karɓi dala 25 a hannu, ko a ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da faifan zai kawo. Ya karɓi dala 25. Ban ga laifinsa ba sosai, don ba wanda zai kalli magina biyu da tsofaffin jita ya hango miliyan. Amma duk lokacin da na ji wani yaronmu mai waƙa ko mai shirya kiɗa ya sayar da aikinsa kacokan a kan kuɗin cefanen mako, Skip Moore nake tunawa.

Yanzu batun sunan salon. Ana kiransa kiɗan "surf", wato kiɗan masu wasan hawa igiyar teku a kan allo, wasan da ya samo asali daga tsibiran Hawaii da maƙwabtansu, matasan Kalifoniya kuma suka rungume shi. Wanda ake ɗauka uban salon shi ne Dick Dale, wanda ya riƙa cika ɗakin rawa na Rendezvous a Balboa a 1961. Sirrin sautin abu biyu ne: saurin kaɗa tsirkiya ɗaya ba tsayawa, da wata na'ura ta kamfanin Fender mai sa sautin ya yi amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, har ka ji kamar ruwa na ɗiga. Dale jinin Labanan ne ta wajen uba, kuma tun yana yaro ya ga kawunsa na kaɗa garayar Larabawa da ake kira ud. Daga nan ya ɗauko shahararren kiɗansa na 1962, "Misirlou", tsohon kiɗan gabashin Bahar Rum wanda ma'anar sunansa ita ce Bamisiriya, wato 'yar Masar. Shi ya sa kunnen da ya saba da kiɗan Larabawa ba ya jin baƙunta a cikinsa. Fim ɗin Pulp Fiction ya sake tayar da shi a 1994.

Su The Ventures ba 'yan bakin tekun Kalifoniya ba ne. Tacoma garin sanyi ne da ruwan sama, kuma sun riga wannan yayi fitowa. Amma da yayin ya zo sai suka hau shi, suka sake buga "Walk, Don't Run" da sabon salo a 1964, ya kuma shiga sahun goma na farko. A lokacin ne ƙungiyar ta zauna da mutum huɗun da aka fi saninta da su: Wilson, Bogle, Nokie Edwards da mai ganga Mel Taylor. Edwards da farko jita mai kaurin murya yake riƙewa, Bogle ke jan gaba. Da Bogle ya ga Edwards ya fi shi hannu, sai ya bar masa gaban ya koma baya, alhali shi ne ya kafa ƙungiyar. Mu da muke harkar ƙungiyoyi mun san wuyar wannan.

Ni a shagon wani mai gyaran rediyo na unguwarmu na fara jin su, ina ɗan firamare. Yana da tsohon garmaho da tarin faya-fayai, kuma idan ya gyara sifika, da faifansu yake gwada ta, wai idan sifika na da tsaga, jitar nan ba ta rufa mata asiri. Mu yara muna tsaye muna jiran a fara waƙa, har faifan ya ƙare ba wanda ya buɗe baki. Abin ya ɗaure mana kai, domin a wajenmu kiɗa ɗan rakiyar magana ne. Shata na faɗa kalangu na amsawa, kuma ko kalangun shi kaɗai ne, kirari yake yi. Kiɗan da ba ya cewa komai sai muka ɗauke shi kamar miya ba tuwo.

Rashin maganar nan kuwa shi ya cece su. A 1964 The Beatles suka shigo Amurka daga Ingila, kasuwa ta koma ta mawaƙa, ƙungiyoyin kiɗa zalla irin su The Chantays masu "Pipeline" da The Surfaris masu "Wipe Out" suka dusashe. The Ventures kuwa sun riga sun sami wata ƙofa. Wilson da Bogle sun je Japan a 1962, suka koma da cikakkiyar ƙungiya a 1965. Matashin Japan da bai iya Turanci ba, ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci jita. Abin ya zama ruwan dare, har aka ba shi suna "eleki", daga kalmar lantarki. Wani sauti da suke yi idan suka zamo da yatsa ƙasa a kan tsirkiya, Japanawa suka laƙaba masa "teke-teke". Yara suka yi ta kafa ƙungiyoyi a makarantu, kamfanonin ƙasar suka shiga ƙera jita ba dare ba rana, jarumin fim Yuzo Kayama ya fito da jitar lantarki a fim a wannan shekarar. Iyaye da malamai suka tayar da hankali, a wasu garuruwan hukumomin ilimi suka hana ɗalibai taɓa jitar lantarki, wai tana lalata tarbiyya. Wanda ya ga yadda aka yi da finafinanmu da mawaƙan zamani zai gane wannan rigima ba sai an yi masa bayani ba.

Ba su tsaya kan kiɗan Amurka ba. Sun riƙa tsara kiɗa musamman don Japan, mawaƙan can su ɗora baituka da harshensu. Haka aka sami "Kyoto no Koi" da Yuko Nagisa ta rera a 1970, da "Ame no Midosuji" ta Ouyang Fei Fei a 1971, dukansu sun yi kasuwa ƙwarai. A Amurka kuma sun fitar da faifan koyarwa a 1965, Play Guitar with The Ventures, inda ake cire jita ɗaya daga kiɗan don mai koyo ya cike gurbin da tasa. A ganina wannan ya fi duk wata lambar yabo da suka samu nauyi, domin ta nan dubban yara suka koyi jita a ɗakunansu ba malami. John Fogerty, wanda ya gabatar da su ranar da aka shigar da su zauren girmama gwanayen kiɗan rock a 2008, yana cikin waɗanda suka taso da faya-fayansu. A 2010 gwamnatin Japan ta ba su lambar girma ta Fitowar Rana. Jimillar faya-fayan da suka sayar ta haura miliyan 100.

Mel Taylor ya rasu a 1996, ɗansa Leon ya gaji gangar. Bogle ya bi shi a 2009, Edwards a 2018. Gerry McGee, wanda ya riƙe jitar gaba na shekaru masu yawa bayan Edwards, a Japan ya rasu a 2019 yana cikin rangadi. Don Wilson ya daina tafiye-tafiye a 2015, ya rasu a Tacoma a watan Janairun 2022 yana da shekara 88. Ƙungiyar ta ci gaba da sunan nan da sababbin makaɗa, suna zuwa Japan rangadin bazara kamar yadda aka saba, amma cikin mutum huɗun nan babu wanda ya rage.