Hoagy Carmichael da Ɗakin Faifai na Bakin Layin Dogo

Yau za mu tsallaka zuwa Amurka, mu koma shekarun 1920, lokacin da kiɗan jaz ke tashen ƙuruciyarsa, mu ga yadda wani ɗalibin aikin lauya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙirƙirar waƙa na ƙasar.

An haifi Hoagy Carmichael ranar 22 ga Nuwamba, 1899, a garin Bloomington na jihar Indiyana. Gidansu ba masu hali ba ne. Mahaifiyarsa Lida takan kaɗa fiyano a wuraren rawa da gidajen silima, domin finafinan wancan zamani ba su da murya, sai an ajiye makaɗi a gefe yana raka hoton da kiɗa. A hannunta ya fara koyo. Da iyalin suka koma birnin Indianapolis a 1916, sai ya haɗu da Reginald DuValle, wani baƙar fata makaɗin fiyano, wanda ya buɗe masa ido a kan yadda ake sarrafa kiɗa nan take ba tare da kallon takarda ba. A 1918 ƙanwarsa Joanne ta rasu tana da shekara uku. Hoagy ya ɗora alhakin rasuwar a kan talaucin da ya hana su samun kulawar likita mai kyau, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa ya riƙe karatun lauya a Jami'ar Indiyana, yana kiɗa a gefe don samun na kashewa.

Kafin mu ci gaba da labarinsa, sai mun san inda aka ɗauki faya-fayansa na farko. A garin Richmond, nan cikin Indiyana, akwai kamfanin ƙera fiyano mai suna Starr, wanda ya buɗe sashen buga faifan garmaho da sunan Gennett. Ɗakin ɗaukar sautin wani dogon ɗakin katako ne a harabar masana'antar, kusa da layin dogo. Idan jirgin ƙasa ya taho dole a dakata, don ƙararsa da girgizarsa kan ɓata aiki. Makirfo bai shigo ba tukuna. Makaɗa kan tsaya gaban wani babban mazurari, sautin ya bi ta cikinsa ya girgiza allura, allurar kuma ta riƙa yanka zane a jikin faifan kaki mai juyawa. Mai kayan kiɗa mai ƙarfi sai ya ja baya, mai rauni ya matso. Kowane gefen faifai minti uku ne ko ɗoriya kaɗan, kuma wanda ya yi kuskure ya jawo wa kowa komawa farko, tunda ba a goge kaki a gyara tsakiya.

A wannan ɗaki ne ƙungiyar King Oliver ta yi ɗauka a watan Afrilun 1923, kuma a nan aka fara naɗar busar ƙahon Louis Armstrong, mutumin da daga baya ya ziyarci Gana a 1956 da Nijeriya a 1960. A shekarar 1923 ɗin dai Jelly Roll Morton ya zauna ya kaɗa fiyano tare da ƙungiyar fararen fata ta New Orleans Rhythm Kings, abin da ake lissafawa cikin ɗaukar farko-farko da ta haɗa baƙi da farare a tarihin jaz. Sai dai kada mu ɗauka masu kamfanin 'yan gwagwarmaya ne. A waɗannan shekaru ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin jinin baƙar fata tana da ƙarfi ƙwarai a Indiyana, kuma Gennett ya buga mata nata faya-fayan da ta biya kuɗi. Kasuwa ce kawai, kowa ya zo da kuɗinsa a yi masa aiki. Ta wannan ƙofa ta neman riba makaɗan da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba suka samu shiga tarihi.

Wanda ya kai sunan Hoagy cikin ɗakin shi ne abokinsa Bix Beiderbecke, wani matashi mai busa ƙaho da ya burge shi matuƙa. A watan Mayun 1924 ƙungiyar su Bix, wato Wolverines, ta ɗauki wani kiɗa da Hoagy ya tsara mai suna Riverboat Shuffle. Shi ne aikinsa na farko da ya hau faifai, ko da yake ba shi ya kaɗa ba. Bayan shekara guda ya shiga ɗakin da kansa tare da ƙungiyar Curtis Hitch, suka ɗauki Washboard Blues, inda aka ji hannunsa a kan fiyano.

Duk da haka bai yarda kiɗa zai riƙe shi ba. Ya kammala digirin lauya a 1926, ya tafi jihar Filorida neman aiki. Yadda shi ya ba da labari, yana can ne wata rana ya jiyo garmaho daga wani shago yana kaɗa Washboard Blues, amma ba nasu faifan ba, na ƙungiyar Red Nichols ne. Ashe kiɗan ya yi tafiyarsa ba tare da mai shi ba. Daga nan ya tattara ya koma gida ya rungumi sana'ar da yake ta kauce wa.

Ranar 31 ga Oktoba, 1927, ya koma Richmond da wasu abokansa makaɗa, suka ɗauki Stardust, wato ƙurar taurari. A lokacin Gennett ya riga ya koma ɗauka da lantarki. Duk wanda ya san waƙar a yau a matsayin sanyayyar waƙar bege zai yi mamaki in ya ji wannan faifai. Kiɗan rawa ne mai ɗan sauri, babu murya ko ɗaya a ciki, sai busa da fiyanon Hoagy a tsakiya. Karin yana hawa da sauka kamar mai busa ƙaho yana ƙirƙira nan take, shi ya sa masana da dama ke jin inuwar Bix a cikinsa. Faifan bai yi wata kasuwa ba. Sai a 1929 Mitchell Parish ya rubuta mata baitoci, a 1930 kuma Isham Jones ya rage mata gudu ya mayar da ita mai taushi, nan ne ta kama ƙasa. Armstrong ya yi tasa a 1931. Zuwa yau an naɗe ta fiye da sau 1,500.

Mu da muke rubutu akwai abin lura a nan. Mutum huɗu aƙalla suka sa hannu kafin waƙar ta zama yadda duniya ta san ta: wanda ya ƙirƙiri karin, abokin da salonsa ya shiga kunnen mai ƙirƙirar, wanda ya ɗora kalmomi bayan shekara biyu, da wanda ya gane cewa sauri ne ke ɓoye kyanta. Da faifan 1927 ya ɓata, da ba mu da hanyar jin yadda ta faro.

Makonni kaɗan bayan Stardust, a Nuwamban 1927, Hoagy ya rera Washboard Blues da bakinsa tare da babbar ƙungiyar Paul Whiteman a Shikago, wa kamfanin Victor. A 1929 ya koma Niyok, kuma a ƙarshen shekarar ya yi Rockin' Chair tare da Armstrong, baƙi da fari suna amsa wa juna a faifai guda, a ƙasar da otal-otal da yawa ba za su ba su ɗaki a gini ɗaya ba. Ranar 15 ga Satumba, 1930, ya ɗauki Georgia on My Mind, Bix na cikin masu busa. Wannan zama shi ne na ƙarshe da aka naɗi ƙahon Bix. Giya ta riga ta ci jikinsa, ya mutu a watan Agustan 1931 yana da shekara 28. Hoagy ya sa wa ɗansa na fari suna Hoagy Bix. Ita kuwa waƙar, Ray Charles ya sake raya ta a 1960, jihar Jojiya ta ɗauke ta a matsayin waƙarta ta hukuma a 1979.

Shi kamfanin Gennett karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta durƙusar da shi. Faya-fayan ƙarfe na asali, waɗanda daga jikinsu ake buga sauran, an sayar da da yawansu a matsayin gwangwan. Mafi yawan abin da muke ji a yau daga wancan ɗaki an kwafo shi ne daga tsofaffin faya-fayan da mutane suka saya suka adana a gidajensu, shi ya sa za ka ji ƙaiƙayin allura a bayan kiɗan. Hoagy ya rayu har zuwa 27 ga Disamba, 1981, ya ci kyautar Oscar, ya fito a finafinai, amma masu bin tarihin jaz har gobe waɗancan faya-fayai na 1924 zuwa 1930 suke komawa.

Mai data ya nemi Stardust ta 1927 a YouTube, sannan ya saurari ta Isham Jones da ta Armstrong a jere, ya zo ya faɗa mana wacce ta fi kwanta masa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.