Asalin Makaɗan Kano

Ƙofar Dawanau tana jikin ganuwar Kano ta wajen arewa maso yamma, tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa. Wanda ya fita ta nan ya miƙa, zai ishe Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, daga can hanya ta zarce Bichi har Katsina. Wanda ya shigo kuwa zai hangi Dutsen Dala, a nan labarin makaɗan birnin ya faro.

Masu tarihi sun ce tun kafin zuwan Sarki Bagauda, wani shugaba mai suna Barbushe yana zaune a kan Dala, ba ya saukowa sai lokacin bikin bautar Tsumburbura. In duhu ya yi, jama'a sun taru a gindin dutse, sai ya fito daga gidansa, makaɗansa na biye da shi. To, ka ga tun daga tushe makaɗi a Kano da ubangida ya tashi, ba ya kiɗa don kansa.

Ana nan, a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, sai wani ɗan sarki mai suna Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa. Ya zo da gangunan da ake kaɗawa a kan doki, da kayan busa, da tutoci. Da Muhammadu Rumfa ya hau gado a 1463, sai ya mai da kakaki kayan sarauta, ba a busa wa kowa sai sarki. Kutumbi kuma, wanda ya hau a 1623, in zai fita yaƙi ko Idi, dawakin zage ɗari ke bin sa, ga tambura, ga ganguna, ga kakaki a gaba. Da haka kiɗan fada ya zama sarauta mai rawani, aka sami Sarkin Tambari da Sarkin Kakaki da Sarkin Kotso, aka sami Sanƙira, shugaban maroƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hani ga kiɗan shashanci, amma tambari da kakaki ba su bar fada ba.

Talakawa ma ba a bar su haka ba, kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, da shi ake sanar da gari an yi yanka, da shi kuma ake zuga 'yan dambe, don dambe asalinsa wasan mahauta ne. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma, ita ake kaɗa wa samari ranar gayya a gonakin bayan ganuwa, kowa na jin takensa sai ya ƙara duƙawa. Garaya ta 'yan bori, gurmi na 'yan kokawa. Mata kuwa a cikin gida suna da shantu da ƙwarya, a nan Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano, Barmani Coge kuma a Funtuwa.

Yadda makaɗi ke tasowa kuwa ga shi. Yaro ɗan gidan kiɗa tun yana ƙarami ake rataya masa kuntukuru, ya bi uba gidan biki da gidan suna. In hannunsa ya faɗa sai a ba shi babbar ganga, a sa shi cikin 'yan amshi. A nan zai haddace take da kirari, ya san asalin gidajen iyayen gidansu, wane ya haifi wane, don makaɗin da ya rikita salsalar basarake ya jawo wa kansa kunya. Sai uba ya tsufa ko ya rasu sannan ɗa ya ja ragamar ƙungiya. Haka Musa Ɗanƙwairo ya taso a ƙasar Maradun, ya gaji kiɗa wajen mahaifinsa, ya fara da waƙar noma kafin ya kai ga sarakuna da kotsonsa. Shi ya sa Hausawa ke cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Amma ba kullum maganar ke tabbata ba, gama akwai 'yan haye. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ba. Da tallan goro da na alewa ya fara, ya shiga waƙa a dandali, daga baya ya ɗauki makaɗan kalangu ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a Kano a 1999, aka binne shi a Daura.

Abincin makaɗi a fage yake. Ba a yanka masa albashi, sai abin da aka ba shi a bainar jama'a: riga, ko doki, ko damin hatsi, daga baya kuɗi da mota da kujerar Makka. Ana miƙa kyauta, maroƙi zai ɗaga murya ya faɗi wanda ya bayar da abin da ya bayar. In an tashi, uban ƙungiya ya raba wa yaransa, kowa gwargwadon matsayinsa.

Da rediyo da faifan garmaho da kaset suka zo, muryar makaɗi ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Yau yawancin mawaƙa a sutudiyo suke aiki da fiyano, 'ya'yan gidajen kiɗa da dama sun kama wasu sana'o'i. Duk da haka ba a naɗa sarki da kaset. Ranar Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, har yanzu da hannu ake kaɗa tambari, da baki ake busa kakaki da algaita, kuma galibin masu yi 'yan gado ne. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana.