Matatar Mai a Cikin Kwamfuta: Tarihin Wasannin Gini da Zaɓin da Ya Dace da Matasan Rido

A shekarar 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, aka ƙaddamar da matatar man Kaduna a kudancin kogi, gefen hanyar Kachiya. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina ta, ɗanyen man kuma ta bututu aka riƙa turo shi tun daga Escravos, ya ratsa Warri, ya ci ɗaruruwan kilomita kafin ya iso. Daga baya aka ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 110,000 a rana. Abin da ya biyo baya kowa a Rido da Mararaban Rido ya san shi: ma'aikata sun nemi gidajen haya, direbobin tanka sun nemi wurin kwana da abinci, masu faci da makanikai sun kafa rumfuna, gonaki sun koma filayen gini. Yaron da ya tashi a nan ya ga yadda masana'anta guda take jawo hanya da kasuwa da jama'a da hayaƙi, ya kuma ga yadda gari yake jin jiki idan masana'antar ta shafe shekaru ba ta aiki yadda aka tsara ta. Wannan lamari shi ne masu ƙera wasannin kwamfuta suka yi fiye da shekara 40 suna ƙoƙarin kwaikwaya. Shi ya sa nake ganin idan matashin Rido ya tambayi wane wasan buɗaɗɗiyar duniya zai sa a kwamfutarsa, kuskure ne a miƙa masa jerin sababbin wasannin da ake yayi. Tarihin wannan fanni ya nuna cewa mafi amfaninsu su ne waɗanda suke ba ɗan wasa kayan gini su bar shi da hankalinsa, kuma akasarinsu tsohuwar kwamfutar gwanjo ma tana ɗaukarsu.

Farkon labarin na talauci ne, talaucin na'ura. A 1984 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Cambridge a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a kan kwamfutar BBC Micro, wadda ƙwaƙwalwarta kilobait 32 ce kacal, abin da hoto ɗaya a wayar yau ya ninka sau da yawa. A cikin wannan ƙunci suka cusa taurari 2,048 da ɗan wasa zai iya ziyarta. Ba su zana ko ɗaya da hannu ba. Wani lissafi suka rubuta wanda yake haifar da sunan kowace duniya da tattalin arzikinta a duk lokacin da aka nufe ta. Ɗan wasa yana farawa da ƙaramin jirgi da ɗan jari, ya sayi kaya inda suke da arha ya kai inda suke da tsada, ko ya zama ɗan fashi, ko mai farautar 'yan fashi. Babu wanda ya ce masa ga hanya. Duk wanda ya san fatauci tsakanin Kano da Agadas zai gane wasan nan take. Darasin da ke nan a fili yake: 'yancin ɗan wasa daga dabarar mai tsarawa yake fitowa, ƙarfin inji bai taɓa zama sharaɗinsa ba.

Bayan Elite hanya ta rabu biyu. A Amurka, Will Wright ya lura cewa zana taswirar wani wasan yaƙi da yake haɗawa ya fi yaƙin kansa daɗi, sai ya karanta ayyukan Jay Forrester kan yadda birane suke girma da lalacewa, ya fito da SimCity a 1989. Kamfanonin wasa sun daɗe suna ƙin karɓarsa, hujjarsu ita ce babu ci babu faɗuwa a ciki. A 1994 Chris Sawyer ɗan Sikotilan ya biyo da Transport Tycoon, na shimfiɗa layin dogo da jigilar kaya. Wannan shi ne reshen gini. Ɗaya reshen, na yawo, a garin Dundee ya tsiro, inda kamfanin DMA Design ya fitar da Grand Theft Auto a 1997. Na uku a jerin ya fito a 2001, San Andreas kuma a 2004, ya iso kwamfuta a 2005. Reshen yawon ne ya fara shigo mana da ƙarfi, domin ya zo daidai lokacin da wayar salula da shagunan intanet suke yaɗuwa a Najeriya bayan 2001, gidajen gem kuma suna cika da yara masu biyan kuɗi a kan minti. Mai gidan gem yana son wasan da za a tashi daga kansa cikin kwata ko rabin awa wani ya zauna: ƙwallo, dambe, ko satar mota a San Andreas. Wasan da sai an yi mako ana gina gari ba shi da riba a gare shi. Don haka ba ɗabi'ar yaranmu ce ta zaɓi reshen yawo ba, tsarin kasuwar ne ya zaɓa musu, har da yawa suka girma ba su san akwai ɗaya reshen ba.

Wanda ya haɗa rassan biyu shi ne Markus Persson ɗan Suwidin, da Minecraft, wanda ya fara saki a watan Mayun 2009, aka kammala shi a 2011. Duniya ce ta tubala masu kusurwa huɗu, kowanne ana iya haƙe shi a ɗora shi wani wuri, lissafi ne kuma yake shimfiɗa ta kamar yadda aka yi a Elite. Microsoft ya sayi Mojang, kamfanin da ya mallaki wasan, a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma a 2023 aka sanar cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wani aiki da aka fara a 2012, lokacin da hukumar muhalli da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da Mojang a shirin Block by Block. A unguwar Kibera ta Nairobi aka fara gwadawa: a gina filin unguwa a cikin wasan, a zaunar da mazauna, har yara da mata waɗanda ba a saba tambayarsu ba, kowa ya nuna inda yake son fitila ko hanya ko wurin zama, sannan a miƙa wa masu zanen gini. Mutumin da ba zai iya karanta taswirar injiniya ba, yana iya ɗora tubali a kan tubali.

Daga nan shawarata ta fito, kuma OpenTTD nake sawa a gaba. Masu sa kai ne suka sake gina wasan Sawyer tun daga 2004, kyauta ne a shafinsa, bai kai nauyin fim ɗaya ba, kuma da zarar an sauke shi ba ya neman data. Ana farawa da bashin banki da taswira mai garuruwa, ma'adinai, rijiyoyin mai da matatar mai. Ka shimfiɗa layin dogo daga rijiya zuwa matata, ka sayi jirgi, kuɗin da za a biya ka ya danganta da nisan tafiya da saurin isar kaya. Ka ƙara jirgi na biyu a layi ɗaya ba tare da fitilun ba da hanya ba, sai dai ɗaya ya tsaya yana jiran ɗaya, ribar ta tafi. Ka sare bishiyoyi ka rushe gidaje don ka miƙe layinka, hukumar garin ta fusata ta hana ka gina tasha har sai ka gyara tsakaninku. Mai son irin Minecraft kuma wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, akwai Luanti, da aka sani da Minetest kafin 2024, wanda Perttu Ahola ɗan Finlan ya fara a 2010. Shi ma kyauta ne, sai dai a tuna a sauke wani wasa daga cikinsa tun ana da data, domin shi kansa harsashi ne kawai. Ana yi masa ƙari da harshen Lua, kuma nan ne yaro mai son sani yake fara rubuta umarnin kwamfuta ba tare da an kira abin darasi ba.

Ga wanda ya kai shekarun sakandare, babu wasan da ya yi kusa da rayuwar Rido kamar Factorio, na kamfanin Wube a birnin Prague, wanda aka kammala a 2020. Na kuɗi ne, amma akwai ɗanɗanonsa kyauta. A matakin tace mai na gaba, ana zuba ma'auni 100 na ɗanyen mai da 50 na ruwa, a samu 25 na mai mai nauyi, 45 na mara nauyi, da 55 na iskar gas. Idan tankin ɗaya daga cikin ukun ya cika babu inda za a kai shi, matatar gaba ɗaya tsayawa take yi, ko da ana matuƙar buƙatar sauran biyun. Dole ɗan wasa ya koyi fasa mai nauyin ya koma mara nauyi, ko ya mayar da shi man shafawa na injuna. Matatar Kaduna ma tana da sashen fasa mai da sashen man injuna, kuma wanda ya taɓa kwana yana neman dalilin da matatarsa ta wasa ta tsaya zai fi saurin fahimtar cewa masana'anta sarƙa ce, ƙulli ɗaya ya tsinke duka sun tsaya. Masu son tuƙi suna da Euro Truck Simulator 2 na 2012, inda ake cin tarar wanda ya ƙeta danja. Masu son dawaki da fatauci da rikicin sarauta kuma suna da Mount & Blade: Warband na 2010, wanda wani kamfani a Ankara ta Turkiyya ya yi, hujjar cewa ba sai Amurka ko Japan ake irin wannan aiki ba.

Iyaye za su ce duk wannan ɓata lokaci ne da aka yi wa ado, kuma damuwarsu tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan gem cikin kundin cututtuka da aka amince da shi a 2019, ta kuma bayyana ta da cewa mutum ya kasa iyakance wasan har ya danne karatu da aiki da hulɗarsa na tsawon lokaci. Wasannin gini ba su tsira daga wannan ba. Rashin ƙarshensu ma yana sa dare ya tsere wa mutum bai sani ba, sallah da barci su sha wuya. Maganin shi ne ƙayyade lokaci da ajiye kwamfuta inda ido yake kaiwa. Hani baki ɗaya yakan tura yaro gidan gem ne, inda babu mai duba abin da yake kallo. Batun tarbiyya kuwa yana ƙara wa hujjata ƙarfi: masu tantance wasanni a Turai sun ware Grand Theft Auto ga 'yan shekara 18 zuwa sama, amma ga shi a hannun 'yan firamare, an kwafo musu a filashi, sau da yawa tare da ƙwayar cutar da za ta lalata kwamfutar. Na biyar a jerin ya haura gigabait 60, yana kuma neman injin da yawancin gidaje ba su da shi. Kakanninmu ba su hana yara ƙera motar kara ba, domin sun san mai ƙera ta yana koyon awo da haƙuri. Abin da ya kamata a tambaya game da kowane gem shi ne ko yaron yana ƙera wani abu a ciki.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan nauyi, kuma ban ga amfanin rufe ta ba. Kusan duk waɗannan wasanni suna miƙa wa ɗan wasa ƙasa kamar ba ta da mai ita. A Factorio, hayaƙin masana'antarka yana yaɗuwa ya fusata halittun da ka tarar a wurin, amsar da wasan ya fi sauƙaƙa maka kuma ita ce bindiga da ganuwa. Wannan tunanin 'yan mulkin mallaka ne, irin wanda ya sa Gwamna Lugga ya dubi bakin kogin Kaduna ya ga wurin kafa hedikwata, aka taso da ita daga Zungeru a 1917, alhali Gbagyi sun daɗe suna noma a yankin. Ko da aka sa Afirka a irin waɗannan wasanni, kamar Far Cry 2 na 2008, fagen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da lu'ulu'u aka nuna. Amma a ganina wannan dalili ne na a buga su tare da babba mai fahimta, kuma ɗan Rido ya fi ɗan Prague cancantar ganin gurbin, domin ya san cewa waɗanda suke zaune a bayan katangar masana'anta mutane ne masu gonaki da rijiyoyi da 'ya'ya. Haka nan babu mai cewa wasa zai mayar da yaro injiniya; lissafi da kimiyyar sinadarai a aji ake koyonsu. Abin da wasan yake bayarwa shi ne sabo da tunanin tsari, da ƙarfin halin rushe abin da bai yi ba a sake shi.

Kirana ga masu makarantu da malaman kwamfuta na Rido, Mararaban Rido da Sabon Tasha ne. Kwamfutocin da suke ɗakunan karatunku, ko sun tsufa, za su ɗauki OpenTTD da Luanti ba tare da an kashe ko sisi ba bayan datar saukewa. Ku ware awa ɗaya a mako, ku raba yara rukuni-rukuni, ku ce su gina unguwarsu kamar yadda take, da kasuwa da makaranta da magudanar ruwa da wurin da tankoki suke tsayawa, sannan su sake gina ta yadda suke ganin ya kamata ta kasance. In sun gama, ku gayyaci mai unguwa da kansila su zo su gani.