GONAR DA NA SAYA A GINDIN DUTSE

Shekarun baya na kwashi adashi, na haɗa da ɗan abin da littafina na biyu ya kawo, na ce da maigidan ni fa gona nake so, ba gwal ba. Wani dillali ya ɗauke mu daga nan Kurmin Mashi muka bi hanyar Kachia, muka wuce Kujama da Kasuwan Magani, har wani kwari tsakanin duwatsun ƙasar Kajuru. Wallahi wurin ya tafi da hankalina. Ga fadama, ga rafi, ga masara kore shar. Eka biyar, na biya nan take, aka rubuta mini 'yar takarda da biro.

Damina na faɗuwa sai ga 'yan uwan mai gonar su uku. Gonar gado ce ba a raba ba, shi kaɗai ya ci kuɗin. Da na ce ai na saya, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya gaya miki ana sayen ƙasa?" Haushin wannan magana ya sa na shiga tambaya.

Ashe a da can, gona sai dai mutum ya sari daji da izinin mai gari, ko ya gada, ko a ba shi aro ko jingina. A irin waɗannan duwatsu na Adara da Gbagyi kuwa, gona ta dangi ce, kakanni ne suka share ta, mutum ɗaya ba shi da bakin rabuwa da ita. Da Turawa suka zo, suka zaunar da kwamiti a Landan a 1908, sannan a 1910 suka yi doka cewa ƙasar Arewa duk tana hannun Gwamna, talaka amfani kawai yake yi. Gwamnatin Sardauna ta sabunta dokar a 1962. A 1978 Janar Obasanjo ya shimfiɗa irinta a Nijeriya baki ɗaya: ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da iznin noma, har hekta 500. Kuma wannan izni ba ya canja hannu sai da amincewar hukuma. Kin ga ke nan abin da na biya wa kuɗi haƙƙin amfani ne, shi ma daga hannun wanda ba nasa ne shi kaɗai ba.

Abin da ya ba ni kunya, ita kanta unguwarmu haka ta samu. Sunanta ma ya faɗa: kurmi ne. Gbagyi ne ke noma wannan yanki kafin a maido hedikwata daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, gari ya yi ta cin gonaki har ya kai inda nake shanya wanki yau. Mu 'yan birni mun saba ganin fuloti da katanga, sai mu ɗauka ko'ina haka ne. Alhali rikicin Zangon Kataf na 1992, da aka yi asarar rayuka masu yawa, daga maganar filin kasuwa ya tashi.

Ni dai Allah ya taimake ni. Mai unguwa ya tara su, na ƙara kuɗi aka sallami kowa, aka bar mini eka uku, duk suka sa hannu gaban shaidu, har da ƙanwarsu da ke aure a wani ƙauye, don ita ma tana da gado. Daga nan muka nufi KADGIS, hukumar filaye da aka kafa a 2015, aka turo masu awo.

Zuwa gonar kuma yanzu sai da addu'a, saboda masu satar mutane a hanyar. Ɗaya daga cikin waɗancan ukun ne ke noma mini ita. Bara ya aiko mini da buhun masara tara da doya cikin motar kasuwa.